JANKA STOKICH, MATAR DA AKA HUKUNTA DON TA BA MUTANE DARIYA

Duk wanda ya taɓa shiga filin baje koli na Ikko, wanda ke kan hanyar Badagiri, ya taka aikin mutanen Belgrad, gama wani kamfani ne na can ya gina shi, aka buɗe shi cikin 1977. A zamanin nan Belgrad ita ce hedkwatar ƙasar Yugoslabiya. Yau babu Yugoslabiya, ta wargaje, amma birnin yana nan a matsayin hedkwatar ƙasar Sabiya, a inda kogin Saba ya haɗu da kogin Danub. A wannan birni ne aka yi wata mata 'yar wasan kwaikwayo mai suna Janka Stokich, wadda ta shekara talatin tana sa mutanen garin dariya, daga baya kuma kotun garin ta yanke mata hukuncin sharar titi saboda dariyar.

An haife ta ran 24 ga watan Janairu, 1887, a wani ƙaramin gari na bakin Danub da ake kira Veliko Gradishte. Sunanta na yanka Jibana, Janka kuwa sunan da ya bi ta ne. Ubanta ya rasu tun tana ƙarama, uwarta ta ɗauke ta suka koma gidan wani limamin coci a ƙauyen Rabrovo, a can ta tashi. Ba ta wuce shekara 15 ba aka aurar da ita ga wani tela a garin Zayechar, auren da ba ta yi na'am da shi ba ko kaɗan.

A lokacin nan akwai ƙungiyoyin 'yan wasa masu yawo gari gari a ƙasar Sabiya. Su sauka a mashaya ko masauƙin baƙi, su haɗa tebura su yi dandali, su rataya zane, su yi kwana uku ko mako guda suna wasa, in ciniki ya ja baya su naɗe kayansu su ƙara gaba. Mutanen gari suna zuwa kallo, amma ba mai son ɗansa ya shiga cikinsu, balle 'yarsa. Cikin 1902 wata irin wannan ƙungiya, ta wani mutum mai suna Lyubomir Rayichich, ta sauka Zayechar. Janka ta je kallo, daga nan hankalinta bai sake komawa ɗakin tela ba. An ce da ta gudu karo na fari mijin ya bi ta ya komo da ita da duka. Karo na biyu sai wani ɗan wasa na ƙungiyar, Atsa Gabrilobich, ya tsaya mata, ta tafi ke nan.

Ba wasa aka fara ba ta ba. Wanki aka ba ta, watau ita ce mai wanke tufafin 'yan wasa, kafin a ga tana da baki da iya kwaikwayon mutane a soma ba ta ƙananan wurare a dandali. Mai karatu ya riƙe wannan zance na wanki, don zai sake ɓullowa bayan shekara 40. Ta yi shekaru tana sauya ƙungiya, tana kwana inda dare ya yi mata, ta zauna gidan wasa na garin Osiyek cikin 1907, har Allah ya kai ta Belgrad cikin 1911, inda aka ɗauke ta a Babban Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa. Ba ta yi wata makarantar koyon wasa ba. Makarantarta ita ce kasuwa da tasha da bakin rijiya, inda ta ji yadda matan ƙauye da na birni ke magana, da yadda suke faɗa, da yadda suke gulma.

A shekarar da ta shiga gidan wasan nan ne kuma aka yi fim na farko mai dogon labari a ƙasar Sabiya. Labarin Karajorje ne, jarumin da ya jagoranci tawayen Sabiyawa a kan Turkawa cikin 1804. Wani dattijon ɗan wasa na gidan, Iliya Stanoyebich, shi ya tsara shi, wani mai otal da gidan sinima, Sibetozar Botorich, shi ya zuba kuɗi. Abin da ya sami wannan fim ya isa ya nuna irin ƙasar da Janka ta yi sana'a a cikinta. Yaƙin Duniya na Farko ya tashi cikin 1914, kuma a kan Sabiya ya soma. Sojan Ostiriya suka kama Botorich, ya mutu a sansanin fursuna cikin 1916. Fim ɗin ya ɓace, aka fid da rai da shi, sai cikin 2003 aka tsince shi a ma'ajiyar finafinai ta birnin Biyana. Sabiya kuwa ta fita daga yaƙin nan a ragargaje, bayan sojanta sun ƙetare duwatsun Albaniya a ƙafa cikin sanyin 1915, kuma ana ƙiyasta ta rasa wajen mutum ɗaya cikin kowane huɗu. A irin wannan ƙasa sana'ar fim ba ta iya tsayawa da ƙafarta ba. Shi ya sa Janka, duk da sunan da ta yi, sau ɗaya tak ta fito a fim, wani marar murya na Kosta Nobakobich, mai sayar da magani wanda ya buɗe gidan sinima. Ma'anar sunan fim ɗin ita ce mai zunubi marar zunubi.

Bayan yaƙi aka haɗa Sabiyawa da Kuroshiyawa da Sulobeniyawa a masarauta guda, Belgrad ta bunƙasa, ma'aikatun gwamnati suka yawaita, aka sami sababbin masu kuɗi da matansu masu son a san da su. Wannan kuwa abinci ne ga wani marubuci mai suna Branislab Nushich, wanda ba shi da aiki sai yi wa masu mulki da masu neman mulki ba'a. Ya san kuɗin wannan aiki, gama a shekarar da aka haifi Janka ne aka yanke masa ɗaurin shekara 2 saboda wata waƙa da ta ɓata wa Sarki Milan rai. Nushich ya ga Janka a dandali ya gane ya sami bakin da zai riƙa faɗin maganarsa. Ta fito a wasannin Moliya na Faransa a matsayin baiwar gida mai wayo da tsiwa, aka yaba, amma a wasannin Nushich ne sunanta ya game ƙasa.

Babban cikinsu shi ne wasan da ake kira Matar Minista, wanda aka fara nunawa ran 25 ga watan Mayu, 1929, kuma domin ita ya rubuta shi. Labarin wata mata ce, Jibka, wadda ke fama da bashi da facin tufafin yara, kwatsam sai gwamnati ta faɗi aka naɗa mijinta minista. Nan take ta sauya. Ta sa haƙorin zinariya ba don nata ya lalace ba, ta soma koyon shan taba da karta don an ce haka manyan mata ke yi, ta ƙudura sai ta raba 'yarta da mijinta ta ba wani mai fatauci da fatu, don kawai yana riƙe da muƙamin ƙaramin jakadan ƙasar Nikaraguwa. Dangi kuwa suka yi mata caa, wanda ta sani da wanda ba ta taɓa gani ba, wannan yana son aiki, wancan yana son a kashe masa shari'a, wani yana son fansho. A ƙarshe abin kunyarta ya fita a jarida, miji ya sauka daga kujera, gida ya koma yadda yake. Wanda ya taɓa ganin ƙofar gidan sabon mai muƙami da sassafe ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da ya sa mutanen Belgrad suka riƙa riƙe ciki.

Abin lura, an nuna wasan ne wata huɗu da 'yan kwanaki bayan Sarki Alekzanda ya rushe majalisa ya karɓe mulki duka a hannunsa, ran 6 ga watan Janairu, 1929. Watau a lokacin da ba a iya zagin minista a jarida, Janka tana tsaye a dandali tana yi wa matarsa tsirara, manya suna zaune a kujerun gaba suna tafi. Ta yi wannan wasa fiye da sau 100, har mutane suka daina raba ta da Jibka. Ta kuma fito a wasu wasannin Nushich, kamar wanda ya yi a kan dangin mamaci masu kukan ƙarya suna jiran rabon gado. Nushich ya rasu cikin Janairu 1938. Janka ta rasa marubucinta, ga shi kuma ciwon sukari ya riga ya kama ta, irin wanda sai da allurar insulin kullum.

Sai yaƙin Hitila. Ran 25 ga watan Maris, 1941, gwamnatin Yugoslabiya ta sa hannu a ƙawance da Jamus. Bayan kwana biyu hafsoshin soja suka tumɓuke ta, jama'a suka fito titi suna murna. Hitila ya fusata. Da asubar Lahadi 6 ga watan Afril jiragen Jamus suka yi wa Belgrad ruwan bom ba tare da sanarwar yaƙi ba. Dubban mutane suka mutu, babban ɗakin karatu na ƙasa ya ƙone ƙurmus da littattafansa da tsofaffin rubuce-rubucen hannu, gidan wasan da Janka ke aiki shi ma ya taɓu. Kafin ƙarshen watan ƙasar ta miƙa wuya, aka yayyanka ta. Sabiya ta koma ƙarƙashin mulkin sojan Jamus, suka kafa gwamnatin je-ka-na-yi-ka a ƙarƙashin Janar Milan Nedich.

Dole a faɗi irin mulkin da aka yi, in ba haka ba mai karatu ba zai gane fushin da ya biyo baya ba. Cikin Agusta 1941 an rataye mutum biyar a jikin turakun fitilun titi a dandalin Teraziye, tsakiyar birnin, aka bar gawawwakin don kowa ya gani. Jamusawa suka kafa doka cewa duk sojansu guda da aka kashe za a harbe mutum 100, wanda aka yi wa rauni kuwa mutum 50. Da wannan doka ne cikin Oktoba 1941 aka harbe wajen mutum 2,800 a garin Kraguyebats, har da 'yan makaranta da aka fito da su daga aji. A Banyitsa, cikin Belgrad, akwai sansanin da ake tsare mutane ana ɗiba ana harbewa. Yahudawan ƙasar kuwa kafin tsakiyar 1942 an kusa ƙarar da su. A daji kuma 'yan sari-ka-noƙe na Tito suna yaƙi, suna mutuwa da yunwa da sanyi.

A cikin wannan hali ne gidajen wasa suka sake buɗewa, kuma Jamusawa suna so su buɗe, don a ga kamar gari lafiya. Wasu 'yan wasa suka ƙi, wasu suka shiga daji wajen Tito, wasu kuwa suka koma dandali. Janka tana cikin na ƙarshe. Shekarunta 54, ba miji, ba wata sana'a, ga ciwon da in aka kwana biyu ba allura sai kabari. Insulin kuwa, wanda tun cikin 1922 aka soma ceton masu ciwon sukari da shi, a lokacin yaƙi ya zama abin nema ido rufe, sai mai kuɗi a hannu. Ta yi wasa a ƙananan gidajen barkwanci guda biyu, ɗaya ana ce da shi Beselyatsi, watau masu fara'a, ɗayan kuwa sunansa Cibiyar Barkwanci, wanda wani ɗan wasa Aleksanda Tsibetkobich ke shugabanta. Ta kuma riƙa shiga wani shirin nishaɗi na yamma a gidan rediyon Belgrad, inda take fitowa a matsayin Pela, wata mai wankau mai surutu. Yarinyar da ta shiga sana'a ta ƙofar wanki ta koma wanki a bakin makirfo.

Matsalar ita ce gidan rediyon a hannun Jamusawa yake. Daga nan ne suke watsa shirye-shirye ga sojansu har Afirka ta Arewa, daga nan ne kuma waƙar nan Lili Marlen ta yi suna a duniya. Muryar da ta karanta sanarwar sojan mamaya da muryar Janka ta bututu ɗaya suke fita. Wanda aka harbe masa ɗa da safe, in ya ji ana ƙyaƙyata dariya a rediyon maƙwabci da yamma, ba za a ce masa bai da dalilin jin zafi ba. Amma kuma dubban mutanen da suka cika gidajen wasan nan ba Jamusawa ba ne, mutanen gari ne da ke neman sa'a guda ta mantuwa. Babu kuma wanda ya zarge ta da cewa ta kai sunan wani wurin 'yan sandan ciki, ko ta ci dukiyar wanda aka kama.

Ba ita kaɗai ta shiga wannan tsaka mai wuya ba. Akwai wani ɗan dabo mai tafiya a kan igiya, Dragolyub Aleksich, wanda ya tattara 'yan kuɗinsa ya yi fim a cikin birnin da ke hannun abokan gaba, aka nuna shi cikin 1943. Shi ne fim na farko mai murya da dogon labari da Sabiyawa suka yi da harshensu, kuma mutane sun yi ta tururuwa zuwa kallo. Bayan yaƙi aka tuhume shi da haɗa kai da Jamus. Shi dai ya kuɓuta, amma aka shafe fim ɗin daga tarihi kamar ba a taɓa yin sa ba, sai cikin 1968 Dushan Makabeyeb ya tono shi ya gina wani sabon fim a kansa, har ya ci kyauta a bikin finafinai na Balin.

Ran 20 ga watan Oktoba, 1944, sojan Tito da na Rasha suka kori Jamusawa daga Belgrad. Sabuwar gwamnatin 'yan gurguzu ta shigo da lissafi a hannu. A makonnin farko an harbe mutane da yawa ba tare da wata shari'a ta a zo a gani ba, cikinsu har da 'yan wasa. Tsibetkobich, shugaban Cibiyar Barkwanci, yana cikin waɗanda aka harbe, haka ma abokin sana'arsa Yoban Tanich. Sa'an nan aka kafa wata kotu ta musamman wadda aikinta shi ne shari'ar waɗanda aka ce sun zubar da mutuncin al'ummar Sabiya. Ba masu kisa ake kai wa can ba, su nasu daban ne. Malamai ne da 'yan kasuwa da mawaƙa da 'yan wasa, waɗanda suka ci gaba da sana'arsu a ƙarƙashin mamaya.

Ran 3 ga watan Fabrairu, 1945, aka gurfanar da Janka. Laifinta shi ne wasan da ta yi a gidajen barkwancin nan da kuma rediyo. Aka yanke mata hukuncin rasa mutuncin ɗan ƙasa har shekara 8, aka haɗa mata da aikin gayya na tilas, watau sharar titi. Ma'anar hukuncin ita ce ba dandali, ba rediyo, ba haƙƙin da sauran 'yan ƙasa ke da shi. Matar da mutanen Belgrad ke layi su biya kuɗi su gani, yanzu doka ta ce a gan ta kyauta da tsintsiya a hannu, tana da shekara 58, ga ciwo.

In an duba da idon basira, hukuncin nan ya fi kama da neman wanda za a nuna wa jama'a. Mai gidan burodin da ya sayar wa sojan Jamus burodi, da direban jirgin ƙasan da ya ja kayansu, da akawun da ya buga musu takarda, duk sun ci abinci a ƙarƙashin mamaya, amma ba wanda ya san fuskarsu. Fuskar Janka kuwa da muryarta babu gidan da ba a san su ba. Sunan da ya ɗaukaka ta shi ya sa ba ta da wurin ɓuya. Waɗanda suka yi ta tafa mata shekara uku da rabi ba a kira ko ɗaya daga cikinsu kotu ba, da yawansu ma sai suka riƙa sauya hanya in sun hango ta.

Ta koma gida ta kulle kanta, ba mai leƙa ta sai 'yan kaɗan, sai kuwa wata mai aikinta, Magda, wadda ta daɗe tare da ita kuma ba ta guje ta ba. Daga baya ta rubuta takardar neman afuwa, inda ta bayyana cewa ciwo ne da kuɗin magani suka tilasta mata yin wasa a lokacin mamaya, ta roƙi a bar ta ta koma sana'arta.

A wajen ɗakinta kuwa duniyar wasa tana ta sabon gini ba da ita ba. Cikin 1946 gwamnati ta kafa kamfanin fim na Abala a Belgrad. Cikin 1947 aka fito da Silabitsa, fim na farko mai dogon labari na sabuwar Yugoslabiya, labarin 'yan sari-ka-noƙe, wanda Biyekoslab Africh ya tsara, shi kuwa ɗan wasa ne da ya shiga daji wajen Tito. A wannan shekara kuma aka ɗora wa wani mai tsara wasa, Boyan Stupitsa, nauyin kafa sabon gidan wasa na ƙasa baki ɗaya, aka ce ya tattaro gwanayen 'yan wasa daga kowane yanki. Stupitsa ya ga ba yadda za a yi a tara gwanaye a bar Janka a ɗaki. Ya nemi izini wurin hukuma, aka ba shi, aka ɗage mata sauran hukuncin.

Cikin watan Yuli 1947 ya je gidanta da kansa ya gaya mata an yafe mata, kuma akwai wurinta a sabon gidan wasa. Bayan kwana uku ta rasu, tana da shekara 60. Gidan wasan bai buɗe ba sai ran 3 ga watan Afril, 1948, saboda haka ko ƙofarsa ba ta taka ba.

An binne ta a maƙabartar Topchider. Amalanken shanu ne ya ɗauki akwatin gawarta, aka ce wasiyyarta ke nan, mutane da dama kuma suka bi ta a ƙafa. Dutsen da ke kan kabarinta ba gwamnati ta kafa shi ba, ba kuma gidan wasan da ta yi wa aiki shekara 30 ba. Magda ce ta kafa.

An daɗe ana kaffa-kaffa da sunanta. Sai cikin 1991, lokacin da Yugoslabiya kanta ta soma wargajewa, gidan talabijin na Belgrad ya nuna wani wasa a kan kwanakinta na ƙarshe, mai suna Mutuwar Matar Minista, inda Sibetlana Boykobich ta fito a matsayinta. Daga baya, bisa shawarar 'yar wasa Mira Stupitsa, wadda ta taɓa auren Boyan, aka kafa wata kyauta da sunan Janka da ake ba gwanayen mata 'yan wasa, kuma Boykobich ce ta fara karɓa. A Rabrovo, ƙauyen da ta tashi, ana yin bikin wasan kwaikwayo don tunawa da ita. Cikin watan Maris 2009 wata kotu a Belgrad ta soke hukuncin 1945 ɗungum, shekara 62 bayan an binne ta.